Mai Koyon Gudu da Garin Furotin: Jawabi ga Matasan Kolere da Sauran Jama'ar Ƙasa

Jama'a, duk wanda ya yi sammako a unguwar Kolere, cikin garin Mubi ta Jihar Adamawa, ba zai rasa cin karo da samari, har da magidanta, suna sassarfa a gefen hanya tun rana ba ta ɓullo daga bayan duwatsun Mandara ba. Waɗansu ɗalibai ne na manyan makarantun garin, waɗansu suna shirin neman aikin soja ko na 'yan sanda, waɗansu kuwa likita ne ya ce su rage ƙiba saboda hawan jini ko ciwon sukari. Wannan al'ada abar yabo ce. Hukumar Lafiya ta Duniya, cikin shawarar da ta fitar a 2020, ta ce ya kamata baligi ya sami minti 150 zuwa 300 na motsa jiki matsakaici a kowane mako, ko kuwa minti 75 zuwa 150 na mai tsanani irin gudu.

Amma tare da wannan al'ada wata magana ta shigo, galibi ta wayar hannu. Ana cewa wai wanda ya yi gudu bai dama garin furotin ya sha nan take ba, ya yi wahalar banza. Saboda haka sai a ga yaro wanda bai cika mako biyu da fara gudu ba yana tara kuɗin da ya kamata ya ci abinci da su, domin ya sayi gwangwanin da yawanci daga ƙasashen waje ake kawo shi, farashinsa kuma yana bin tashin dala. Amsar wannan magana a taƙaice ita ce, mai koyon gudu wanda yake cin abinci sosai ba ya bukatar wannan gari.

Da farko ya kamata a san ko mene ne shi. Furotin shi ne sinadarin abinci wanda jiki yake gina tsoka da jini da fata da shi, yake kuma gyara abin da ya lalace. Garin da ake sayarwa kuwa, mafi yawansa daga madarar shanu yake fitowa. In an yi cuku, akwai wani ruwa da yake tsiyayewa ya bar daskararren. Wannan ruwan ne masana'antu suke tacewa, su busar, su zuba masa zaƙi da ƙamshi. Wani kuma daga waken soya ake yin sa. Ludayin awo guda na garin yakan ba da furotin giram 20 zuwa 25. Watau dai abinci ne aka busar aka ɗura a gwangwani. Ba magani ba ne, kuma babu wani sirri a cikinsa wanda babu a ƙwaryar nono.

To, nawa jiki yake bukata? Masana sun ƙayyade cewa baligi mai ƙoshin lafiya yana bukatar kimanin giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa a yini. 'Yan wasa masu horo mai tsanani kullum, ƙungiyoyin masana abinci da likitocin wasanni na Amurka da Kanada sun ba su giram 1.2 zuwa 2.0 cikin sanarwar da suka yi tare a 2016. A ɗauki misalin saurayi mai nauyin kilo 60. Bukatarsa ta yau da kullum giram 48 ce. Ko da an kyautata masa an sa shi a sahun 'yan wasa, alhali kuwa kilomita uku kawai yake gudu sau uku a mako, lissafinsa daga giram 72 zai fara.

Sai a duba abin da wannan saurayi zai iya samu ba tare da ya bar Kolere ba. Da safe ya sha koko da ƙosai. Ƙosan da aka yi da wake giram 50 yana ɗauke da furotin wajen giram 12. Da rana ya ci shinkafa da wake, shinkafa giram 100 da wake giram 75 kafin a dafa, ya sami kusan giram 24. Da la'asar ya sha fura da nono, nonon kaɗai, in ya kai kofi babba, ya ba shi giram 10. Da dare tuwon dawa na gari giram 150 ya ƙara masa wajen giram 15. Dafaffen ƙwai guda giram 6 ne, gyaɗa cikin tafin hannu giram 7. In an tara, an sami giram 74, ba a ko lissafa geron furar ba, balle nama ko kifin miya. Ga kuma awara, ga ƙuli-ƙuli wanda furotin ɗinsa ya fi na gyaɗar kanta tun da an matse mai, ga kunun gyaɗa wanda mutanen Adamawa suka yi suna wajen damawa. Garin da yake da kasuwar shanu irin ta Mubi, wadda tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na arewa maso gabas, abin mamaki ne a ce 'ya'yansa suna jiran busasshen ruwan cuku daga Turai.

Lalle gaskiya ne furotin na hatsi shi kaɗai bai cika ba, gama akwai wani ɓangare da yake da ƙaranci a gero da dawa da masara. Amma wake yana da wannan ɓangaren a wadace, hatsi kuma yana cike abin da wake ya gaza. Iyaye mata da suka haɗa koko da ƙosai, da shinkafa da wake, sun warware wannan matsala tun kafin a san sunanta a ɗakin bincike.

Maganar cewa tilas a sha cikin rabin sa'a kuwa, an bincika ta. A 2013 waɗansu masana a Amurka sun tattara sakamakon gwaje-gwaje da yawa da aka yi kan masu ɗaga ƙarfe, suka ga cewa jimlar abin da mutum ya ci a yini ita ce take da muhimmanci, fiye da lokacin da ya ci. Wanda ya dawo daga gudu ya yi wanka, ya zauna ya karya kumallo, bai makara ba.

Har ila yau, abin da gudu yake ƙonewa galibi ba furotin ba ne. Sukarin da jiki ya ajiye a tsoka da hanta ne, da kuma kitse, sa'an nan ruwa da gishiri suna fita ta gumi. A 2004 an buga wani bincike da aka yi kan abincin manyan 'yan gudun Kenya guda 10 a sansaninsu na horo. Aka tarar fiye da kashi 75 cikin 100 na ƙarfin abincinsu daga sitaci da sukari yake, furotin kuwa wajen kashi 10 ne kawai. Abincin nasu ugali ne, watau tuwon masara, da wake, da ganye, da nama kaɗan, da shayi mai madara. Mutanen da suke cinye tseren duniya ke nan. Mai sassarfa a Mubi cikin zafin Maris da Afrilu, ruwan sha mai tsabta ya fi kamata ya damu da shi.

Ciwon cinya da sha-raɓa da sabon mai gudu yake ji bayan kwana ɗaya ko biyu shi ne yake sa da yawa su ɗauka wani abu ya gaza a jikinsu. Tsoka ce take sabawa da aikin da ba ta saba ba. Yakan lafa cikin 'yan kwanaki, kuma yana raguwa in an riƙa ƙara nisa sannu a hankali, ana hutawa, ana samun barci.

Mai gudu domin rage ƙiba ya kamata ya ƙara lura. Mutum yana ƙone kimanin kalori guda a kan kowane kilo na nauyinsa a kowace kilomita. Mai kilo 60 da ya yi kilomita uku ya ƙone wajen kalori 180. Ludayi guda na garin, in an dama da madara, ya mayar masa da wannan har da ƙari. Jiki kuwa ba shi da rumbun ajiye rarar furotin. Ko ya ƙone ta, ko ya mai da ita kitse, dattinta ya bi fitsari.

Akwai kuma haɗari. Wani ɗakin bincike a birnin Kolon na Jamus ya gwada kayan ƙarin abinci na 'yan wasa iri-iri har 634 da aka saya a ƙasashe 13, sakamakon ya fito a 2004: kusan kashi 15 cikin 100 suna ɗauke da sinadaran ƙara ƙarfi da aka haramta, waɗanda ba a rubuta a jikin kwalin ba. Ɗan wasan da aka sami irin wannan a fitsarinsa, shi ake dakatarwa, ba mai kanti ba. Don haka wanda ya ga lalle sai ya saya, ya duba lambar rajistar hukumar NAFDAC da ranar lalacewa, ya kuma guji garin da ake aunawa a leda ba suna. Mai ciwon ƙoda, ko wanda ya daɗe da ciwon sukari ko hawan jini, kada ya ƙara furotin da yawa sai ya shawarci likita.

Ba a ce garin ba shi da amfani sam ba. Yakan taimaki ɗan wasan da yake horo sau biyu a yini ko yake cikin tafiya, da majinyacin da ba ya iya cin abinci, in likita ya rubuta masa.

Inda gyara yake shi ne gidan da tuwo da miya tsinkakkiya ne safe da dare, babu wake, babu nono. Saurayin irin wannan gida yana iya gazawa a furotin da gaske, ƙannensa ƙanana kuwa sun fi shi shiga haɗari. Kuɗin gwangwani guda ya isa a auno mudun wake da yawa wanda kowa a gidan zai ci. Sai dai a tabbata an tafasa madara kafin a kwantar da nono, domin ɗanyarta tana iya ɗauke da ƙwayoyin tarin fuka na shanu da waɗansu cututtuka. Gyaɗar da ta yi hunhuna ko ta yi ɗaci kuma a tsince ta a zubar, kada a yi ƙuli-ƙuli ko kunu da ita, gama gubar da take cikinta tana lalata hanta, dafuwa kuwa ba ta kashe ta.