Zuciya da Jijiyoyi: Lissafin Matsin Jini



Da yawa daga cikinmu an taɓa ɗaura mana abin awo a dantse, aka ce mana 120 bisa 80. Tambayata a yau ita ce, daga ina lambobin nan biyu suke fitowa?

Zuciyar baligi takan buga kamar sau 70 a minti ɗaya, kowane bugu kuwa takan tura jini wajen mililita 70, watau kusan lita 5 ke nan a minti. Amma turawar a yanke take: ta matsa, ta saki. To, me ya sa jini ba ya tsayawa a jijiyoyi sa'ad da ta saki?

Ku dubi mai busa algaita. Yakan cika kumatunsa da iska, sa'an nan ya ja numfashi ta hanci, busar kuwa ba ta yankewa. Haka babbar jijiyar da ta fito daga zuciya take. In zuciya ta matsa, sai jijiyar ta buɗe ta ajiye wani kaso na jinin. Wannan shi ne lokacin 120. In ta saki, sai jijiyar ta koma yadda take, ta ci gaba da tura jinin, matsi yana raguwa a hankali har ya kai 80.

Wani limamin coci a Ingila, Stephen Hales, shi ya fara auna matsin jini. Ya sa dogon bututun gilashi a jijiyar wata goɗiya, jini ya hau sama da ƙafa 8, ya kuma bayyana wannan a littafinsa na 1733. A 1899 Bajamushe Otto Frank ya mai da al'amarin lissafi, ya tsaya a kan abu biyu: taushin manyan jijiyoyi, da tirjiyar da ƙananan jijiyoyi ke yi wa jini. Ya nuna cewa waɗannan biyun su ke yanke saurin faɗuwar matsi tsakanin bugu da bugu. A 1971 Nico Westerhof da abokan aikinsa suka ƙara abu na uku, watau tirjiyar bakin babbar jijiya a farkon bugu.

Amfanin wannan lissafi a fili yake. Idan shekaru suka ja, jijiyoyi sukan yi tauri, su kasa ajiye jini kamar dā. Lissafin ya nuna cewa lambar sama za ta hau, ta ƙasa kuwa ta sauka, haka kuma likitoci ke gani ga dattawa masu yawa. Zuciya sai ta ƙara wahala wajen turawa, alhali kuwa ita kanta lokacin da ta saki ne take samun yawancin jinin da ke ciyar da ita.

Saboda haka, kada dattijo ya ga lambarsa ta ƙasa ba ta da yawa ya saki jiki. Hawan jini ba ya sallama kafin ya shigo. A riƙa zuwa awo, a kuma dubi lambobin duka biyu.