Su Wane Ne Ba Su Zo Taron Lafiya Ba?

Duk sa'ad da muka kira taron lafiya a majami'a, mukan ƙirga waɗanda suka zo. To, waɗanda ba su zo ba fa? A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum ɗaya cikin shida yana da wata naƙasa.

Mun yi shelar allurar rigakafi da lasifika, uwa kurma ba ta ji ba, jaririnta ya rasa. Mun manna hoton haɗa ruwan gishiri da sukari a bango, makauniya ba ta gani ba. Ai da mun sa mata cokali da kwalba a hannu ta auna da kanta, da ta iya. Salgar da muka gina kuwa, sai an hau matakala, gurgu yana nan yana rarrafe zuwa daji.

Laifinmu ne, ba mu tambaye su ba. Muna roƙon zumuntar mata da matasa su bi gida gida kafin taro na gaba, su rako su. Kwamitin lafiya kuma ya zaɓi ɗayansu ya zauna cikinsa.