Kuɗin Wankin Kafet: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu

 Maganar da zan yi muku yau ta shafi wani abu da a ke takawa kullum, amma ba safai a kan sa shi cikin lissafi ba, watau kafet ɗin da a ke shimfiɗawa a ofisoshi da zauruka da wuraren ciniki.

Iyayenmu tabarma da buzu su ke shimfiɗawa, in sun yi dauɗa a kakkaɓe, in sun mutu a sake. Tun da aka kafa Jihar Zamfara a 1996, Gusau ta zama hedkwata, sai ofisoshi da otal-otal da ɗakunan taro suka yawaita, kafet ya shiga ko'ina, har Tsafe da Bungudu. Shi kuwa ba ya kakkaɓuwa, balle wanda aka manne da daɓe daga bango zuwa bango, sai dai a kira masu sana'ar wankinsa da inji. To, nawa ya kamata a biya su? Wannan tambaya 'yan kasuwar ƙasarku za su kawo muku ita, ku ma za ta same ku a ofis.

Abu huɗu ne su ke haɗuwa su zama farashin.

Na farko faɗin wurin. Masu aikin kirki da awo su ke ciniki, ba da ido ba. Zauren da tsawonsa mita 10 ne, faɗinsa mita 6, murabba'in mita 60 ke nan. Mu ɗauka, don koyon lissafi kawai, an ce kowace mita naira 1,000, to kuɗin aiki naira 60,000 ne. Wanda bai auna ɗakinsa ba, abin da aka gaya masa shi zai biya.

Na biyu irin kafet ɗin. Na ulu ba ya son bilic ko sabulu mai ƙarfi, su kan cinye gashinsa su ɓata launinsa, saboda haka wankinsa ya fi tsada. Na nailan ya fi haƙuri.

Na uku yadda za a wanke. Akwai injin da ke fesa ruwan zafi da sabulu cikin gashin kafet, ya zuƙe su nan take tare da dauɗar. Wannan ya fi fitar da datti, amma sai an jira sa'o'i kafin a taka. Akwai kuma wanki mai ƙarancin ruwa, wanda ke bushewa da wuri. Mai otal ko mai kanti ya tuna, yinin da ya rufe ƙofa yana jiran bushewa shi ma asara ce, a sa shi cikin lissafi.

Na huɗu mai da tafiya. Inda babu wutar lantarki sai an tada janareto, kuma tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 1 ga cikin abubuwan da suka fi tashi a 2023 shi ne kuɗin mota. A 2024 an mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, ladan ma'aikata ya bi sahu. In daga Gusau za a kawo injin, Bungudu tana kusa, Tsafe kuwa ta fi nisa, ga shi halin tsaro ya sa ba a son tafiyar dare, watakila sai an biya kuɗin kwana.

Wani zai ce, me ya hana a ba yara bokiti da omo su gama da shi? Ga ƙaramar darduma wadda za a ɗauka a shanya a rana, babu laifi, kada ma a kira kowa. Amma kafet mannanne in ya sha ruwa har ƙasa, ba ya bushewa. Cikin kwana ɗaya ko biyu fumfuna za ta kama shi, ɗaki ya ɗauki wari, mai ciniki ya juya daga bakin ƙofa. Sabulun da ya maƙale kuma shi ke jawo sabuwar ƙura. Araha ba ta ado.

Barinsa ba wanki ma ba tsimi ba ne. Rairayin da ƙafa ke kwasowa yana sauka gindin gashin, kowace takawa yana yankansa kamar zarto, har kafet ya ƙwaƙule kafin lokacinsa. Saboda haka a gwada kuɗin wankin shekara da kuɗin sabo. In kafet ya riga ya mutu, kada a zuba masa kuɗin jama'a, a cire shi.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bazara, watannin Maris da Afrilu, bayan ƙurar hunturu ta kwanta, kafin ruwa ya sauka. Da damina bushewa na da wuya.

Ranku ya daɗe, ga inda za ku taimaka. Ku haɗa aikin ofishin gunduma da na masu kantuna da masu masauki a rana ɗaya, a raba kuɗin mota. Ku sa a ajiye abin goge ƙafa a bakin ƙofa, a riƙa share kafet kullum, don wanki ya yi nisa da wanki.

Ku kuma Malamai, ga naku:

1. Ku auna kowane ɗaki, ku rubuta awon a littafi.
2. Ku nemi farashi a rubuce daga mutum uku.
3. Takardar ta nuna wanda zai biya mai da ruwa da mota da ɗaga kujeru, da kuma ko an haɗa da harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 cikin 100 a 2020.
4. A fara gwada sabulu a wani lungu kafin a wanke duka.
5. Kada a cika kuɗi sai kafet ya bushe an duba, sa'an nan a karɓi rasit.

Kuɗin ofis amana ne, jarin ɗan kasuwa kuwa guminsa ne. Allah ya ba mu ikon tsare su duka biyu.