Kafin a Kawo Kwaɗo: Yadda Hukumar Haraji ta Jiha ke Bin Bashinta

 

Dattawanmu sun san lokacin da haraji yake zuwa da ƙafarsa. Mai unguwa ne ke ƙirga magidanta, dagaci ya tara, hakimi ya kai baitulmali. Wanda ya kasa biya ya san rana, ya san dogari, wani ma ya tsallake zuwa wata ƙasar hakimi da iyalinsa cikin dare. Tun da Gwamna Lugga ya haɗe tsofaffin kuɗin ƙasa da na sana'o'i a dokarsa ta 1906 aka yi ta wannan fama, har zuwa 1979 da Alhaji Abubakar Rimi a Kano da Alhaji Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Mutanenmu sun yi murna, kuma da gaskiyarsu. Sai dai abin ya bar mana wata ɗabi'a: har gobe muna ɗaukar mai karɓar haraji mutum ne da ake ɓuya wa, ko a lallashe shi da na goro ya wuce. To, mai karɓar harajin yau takarda ce, ita kuwa takarda ba ta cin goro.

Mu fara raba tsaki da tsakuwa. Harajin ribar kamfani da harajin VAT na hukumar tarayya ne. Hukumar jiha, kamar KIRS a Kano ko KADIRS a Kaduna, tana bin harajin abin da mutum ya samu shi kansa, ko ɗan kasuwa ne ko mai sana'a, da harajin da ake cirewa daga albashin ma'aikata, da kuɗin rajistar wurin kasuwanci, da na ababen hawa. Alhajin da ya yi rajistar sunan shagonsa kawai, bai mai da shi cikakken kamfani ba, a idon doka shi da shagon abu ɗaya ne, kuma jiha ce ke binsa. Mai kamfani ma bai tsira daga jiha ba, domin abin da ya cire daga albashin yaransa amana ce a hannunsa, dole ya miƙa kafin ranar 10 ga watan da ke biye.

Yanzu ga yadda bashi ke girma. Doka ta ce kowane mai samu ya bayyana wa hukuma abin da ya samu a shekarar da ta wuce kafin 31 ga Maris, mai ɗaukar ma'aikata kuwa ya kai lissafin albashinsu kafin 31 ga Janairu. In ba ka kai ba, hukuma ba za ta zauna jiranka ba. Za ta dubi girman shagonka, da kasuwar da kake, da abin da makamantanka ke biya, ta yi maka ƙiyasi, ta aiko maka a rubuce. Ƙiyasin nan sau da yawa ya zarce gaskiya, kuma ba na ganin laifin wanda ya ji zafinsa. Amma a nan ne doka ta ba ka makami mafi ƙarfi, wanda kusan kowa ke jefarwa. Kana da kwana 30 daga ranar da takardar ta shigo hannunka ka rubuta cewa ba ka yarda ba, ka faɗi dalilinka, ka faɗi abin da kai ka yarda ana binka. In kwana 30 suka wuce ba ka ce uffan ba, ƙiyasi ya zama tabbataccen bashi. Ba a kuma tambayar ko adadin daidai ne, sai dai a tambayi yaushe za ka biya.

Na taɓa zama da wani mai sayar da atamfa da aka rufe wa shago. Yana rantsuwa ba a taɓa sanar da shi komai ba. Da aka bincika, sai ga takardu uku a ƙarƙashin kanta, yaron shago ya karɓa ya sa hannu ya ajiye, ɗaya har an naɗe canji da ita. Kuɗin da aka ƙiyasta masa ya ninka abin da ya kamata ya biya, kuma da ya yi magana a kan lokaci da an rage. Rashin buɗe ambulan ne ya ja masa asarar cinikin mako guda, a daidai kakar sallah.

Bayan bashi ya tabbata sai tara ta hau, kashi 10 cikin ɗari, ga kuɗin ruwa yana tafiya kullum. A nan nake mamakin wasu daga cikinmu. Mutum ya ƙi rancen banki shekara talatin don gudun riba, sannan sakaci ya sa shi biyan kuɗin ruwa ga gwamnati. Daga nan sai takardar neman biya, sai ta gargaɗin ƙarshe. In har yanzu shiru, hukuma tana da hanyoyi uku da ta fi bi. Ta farko ita ce mafi sanyi amma mafi ciwo: hana ka takardar shaidar biyan haraji ta shekaru uku, wadda in babu ita kwangilar gwamnati da takardun fili sai dai ka gani a hannun wasu. Ta biyu, ta rubuta wa bankinka, ko wani da kake bi kuɗi, ta naɗa shi wakilinta, ya biya ta daga kuɗinka. Ta uku ita ce kwaɗon da kowa ya sani: a garƙame shago, a riƙe kaya. Sashe na 104 na tsohuwar dokar harajin samun ɗaiɗaikun mutane, wadda aka gyara a 2011, ya shimfiɗa cewa sai hukuma ta samo izinin alƙalin Babbar Kotu, kuma ba tilas a kira ka zaman ba, sannan kayan da aka riƙe sai sun yi kwana 14 kafin a sayar.

A ranar 26 ga Yuni 2025 Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji huɗu, biyu suka fara aiki nan take, sauran biyun kuma aka tsayar da 1 ga Janairu 2026 ranar fara aiki da su. Ikon riƙe kaya da na bi ta banki suna nan daram. Amma akwai sauƙi. Naira 800,000 na farko a samun mutum na shekara babu haraji a kansu. In ka rubuta ƙorafi hukuma ta yi kwana 90 ba ta amsa ba, an ɗauka ta yarda da kai. An kuma kafa ofishin sauraron koken masu biyan haraji, bayan kotun musamman ta ɗaukaka ƙarar haraji, wadda zamanta na shiyyarmu yake Kaduna. A ɗaya gefen kuma an tsananta wa mai ƙin kai bayani: tarar Naira 100,000 a watan farko, da 50,000 a kowane wata bayansa.

To, ya mutum zai kauce wa kwaɗo? Ba da ɓoye kuɗi a asusun mai ɗaki ba, ba kuma da sauya sunan shago ba, domin hukuma na da ikon waiwayar shekaru shida, in ta gano ha'inci ma ta zarce haka. Abin da ke ceton ɗan kasuwa littafi ne. Kuna cewa ba ku iya lissafin Bature ba, alhali ban taɓa ganin Alhajin kasuwar Kwari ko ta Dawanau da ya ruɗe a lissafin zakkarsa ba. Ya san jarinsa, ya san kayan da ke sito, ya san wanda yake bi da wanda ke binsa. Wannan lissafin, in an rubuta shi wata-wata tare da rasiɗan haya da albashi da kuɗin mota, shi ne zai karya kowane ƙiyasi. Wanda kuma bashi ya riga ya hau kansa, ya je da ƙafarsa tun ba a zo masa ba, ya nemi a raba masa biyan kashi-kashi, a rubuce, ya kuma nemi sassaucin tara. Kada ya ba kowa tsabar kuɗi a hannu. Ya biya ta banki, ya adana rasiɗi, domin abin da ka danƙa wa jami'i a bayan shago bai rage ko kwabo daga bashinka ba.

Hukumomi ma ina da magana da su. Dokar 1998 ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa, ta kuma haramta tare hanya don karɓarsa, amma har yanzu direban da ya ɗauko hatsi yana biya a shinge bayan shinge. Mutumin da aka tatsa sau biyar da rana ba zai gaskata takarda ta shida ba, ko da ita ce ta halak.

Roƙona ga shugabannin kasuwa: kowace ƙungiya ta ware mutum ɗaya mai karatu, wanda duk ɗan ƙungiyar da aka kawo wa takardar haraji zai kai masa a ranar, ya rubuta kwanan wata a bayanta, ya fara ƙirga talatin.