Tazarar haihuwa: wa zai kai maganin Gamu?



Dokar Faransa ta 1920, wadda ta haramta tallar magungunan hana ɗaukar ciki, ta ci gaba da aiki a Nijar har 1988, lokacin da gwamnatin Janar Ali Shaibu ta halatta su. A 1992 aka kafa ƙungiyar ANBEF mai kula da jin daɗin iyali, a 2006 kuma hukuma ta ce a riƙa ba da magungunan kyauta a likitocin gwamnati. Duk da haka, binciken ƙasa na 2012 ya nuna cewa matan aure 12 ne kacal cikin 100 ke amfani da hanyoyin zamani.

Dalili ba ɓoyayye ba ne. Kyautar tana bakin ƙofar likita, macen karkarar Gamu kuwa sai ta ratsa rairayi a ƙasa ko a amalanke kafin ta iso. In ta tarar magani ya ƙare, da wuya ta sake dawowa.

Nan ne ƴan kasuwa ke shigowa. Ƙungiyar Animas-Sutura, da tallafin Jamus, ta baza kwaroron roba Foula da ƙwayar Sutura a hannun ƙananan ƴan kasuwa cikin farashi mai rahusa, kasancewar kanti ya fi likita kusa da mutane. Amma kasuwa ba ta rantsuwa. Mai tallar magani a tire, wanda kayansa ke yini cikin rana, bai san hawan jini ba, bai san ƙwayar da ta dace da mai shayarwa ba. Araha ba ta ado.

Saboda haka wajibi uku ke kan hukuma: ta horar da masu saidawa, ta binciki abin da ke shigowa ta iyaka, ta kuma bar allura da ashanar hannu ga ma'aikatan da aka koya wa aikin. Mazaje ma da nasu: Makarantar Mazaje, wadda jihar Damagaram ta fara da taimakon UNFPA, ta nuna cewa in maigida ya fahimta, hanyar likita kan buɗe.

Ba ƙayyade zuriya ake nufi ba, hutun uwa ake nema, don ta yaye wannan kafin ta ɗauki wancan. Hukumomin Gure su ne ya kamata a tambaya: wa ke sa ido kan abin da ake saida wa mata ranar kasuwa?

Allah ya ba da lafiya.