Sumunin Gwaggo da Ɗigon Cikin Waya

Yau lissafi za mu taɓa. Na san wasu har sun fara neman inda za su latsa su wuce, to ku dakata, maganar kuɗi ce.

Kwanakin baya na je gida Unguwar Tudu, na tarar ana rabon gadon mijin wata gwaggona. An sayar da shanu a kasuwar Getso, an biya bashi, saura naira 600,000. Malam ya ce tunda mamacin ya bar 'ya'ya, sumuni ne rabon matarsa, wato ɗaya bisa takwas. Sai aka miƙa wa wani ƙanena ɗan sakandare waya, aka ce, "Ɗan boko, buga mana." Yaro ya ga 1 a sama, 8 a ƙasa, ya rubuta 0.18, ya ninka. Waya ta ce 108,000.

Malam bai taɓa waya ba. Ya ce rabin ɗari shida ɗari uku ne, rabinsa ɗari da hamsin, rabin wannan kuma saba'in da biyar. Naira 75,000. Kun ga saura ƙiris a ɗebi 33,000 daga haƙƙin marayu, kuma babu wanda ya yi niyyar cutar kowa.

Ni ban ga laifin yaron ba. An koya masa firakshan da desimal da Turanci, ya haddace, ya ci jarrabawa, amma ba wanda ya taɓa ce masa sumunin da malam ke faɗa shi ne abin da ke cikin littafinsa.

To ga sirrin. Layin nan da ke tsakanin lambar sama da ta ƙasa, cewa yake "raba". Shi ke nan fa. Ka raba ta sama da ta ƙasa, amsar ita ce lamba mai ɗigo. Mu gwada da sumuni. Takwas ba ta shiga ɗaya, sai ka rubuta sifili da ɗigo, ka ƙara wa ɗayan sifili ta zama 10. Takwas ta shiga sau 1, saura 2. Ƙara sifili, 20, ta shiga sau 2, saura 4. Ƙara sifili, 40, ta shiga sau 5, babu saura. Amsa 0.125. Ninka da 600,000, ga 75,000 ɗin malam ta fito.

Haka rabi yake zama 0.5, rubu'i 0.25. Ku lura, 0.125 ta fi 0.5 yawan lambobi, amma ba ta kai ta ba. A nan tsawo ba girma ba ne.

Inda aka fi zamewa shi ne sulusi da sudusi. Raba ɗaya da uku, za ka ga 0.333, ukun nan ba ta ƙarewa ko za ka kwana kana yi. Wani sai ya gaji ya ce 0.3 ma ta isa. Ba ta isa ba. Sulusin 600,000 naira 200,000 ne, 0.3 kuwa 180,000 za ta ba ka. Ina dubu ashirin ta tafi? Sudusi ma, rabon mahaifiya idan mamaci ya bar 'ya'ya, 0.1666 ne har illa masha Allahu. Ka yanke shi a 0.16, ka rage wa tsohuwa 4,000. Shawarata, irin waɗannan kada ma ka juya su. Raba kuɗin da uku ko shida kai tsaye.

Af, kun san kakanninmu sun fi mu iya gutsuren lissafi? Kafin naira da kobo su zo a watan Janairun 1973, fam ɗaya sule ashirin ne, sisi rabin sule, taro rubu'insa. Da ka suke yi a kasuwa. Zuwan naira mai kobo ɗari ne ya sa kuɗinmu ya koma tsarin ɗigo. Yanzu kobon ya ɓace daga aljihu, ɗigon kuma yana nan a waya, a injin mai, a saƙon banki.

Manoma, ku ma ya shafe ku. Zakkar amfanin damina ɗaya bisa goma ce, 0.1. Ta noman rani da aka shayar da inji ɗaya bisa ashirin, 0.05. Ka manta sifilin nan ɗaya ka buga 0.5, ka fitar da rabin rumbunka. Ta kuɗi kuma ɗaya bisa arba'in, 0.025. Hukuncin dai na malamai ne, ni bugawar kawai nake magana.

Ga aikin gida: uku bisa takwas, da biyu bisa uku. Ku yi da biro tukuna kafin ku taɓa waya, sannan ku sa wani ƙani ko ƙanwa a gida su gwada. Ɗaya tana ƙarewa, ɗaya ba ta ƙarewa. Ku faɗa min wacce ce. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.