Ciye-ciye Tsakanin Abinci: Jawabi Ga Manoman Rani Da 'Yan Kasuwar Goronyo

Ya ku 'yan'uwa, batunmu na yau ƙarami ne a ido, amma yana taɓa aljihu kuma yana taɓa lafiya. Shi ne ciye-ciye tsakanin abinci, da yadda mai hidima zai bar shi ya kuma ɗore a kan bari.

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Goronyo a kan gulbin Rima a 1984, aka kuma buɗe ta a 1992, rani ya daina zama lokacin hutu a wannan yanki. Mai albasa da tafarnuwa yana fita ban-ruwa da duku-duku, mai shinkafa a fadamar Wurno yana korar tsuntsu har yamma, direba kuma yana kai da kawowa tsakanin Goronyo da Achida da Sakkwato. Da yawa daga cikinmu ba ma zama mu ci abinci tun safe har dare, amma bakinmu bai huta ba: rake ne, biskit ne, ƙuli-ƙuli ne, shayi mai sukari ne, sai kwalbar lemo idan rana ta take.

To, mu duba lemon nan kawai. Kwalbar Coca-Cola mai rabin lita tana ɗauke da sukari sama da giram 50, wato kimanin ƙaramin cokali 13. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a shawararta ta 2015, ta so a tsaya ƙasa da kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin yini, wanda ga baligi ya kama kusan giram 50. Ke nan kwalba guda ta cinye rabon yini tun ba a zo ga shayi ba. Haƙori ma yana biyan nasa bashin. A wani gwaji da aka yi a asibitin Vipeholm na ƙasar Suwidin daga 1945 zuwa 1953 (gwaji ne na zalunci, domin a kan masu raunin hankali aka yi shi), an ga cewa zaƙin da ake ci tsakanin abinci ya fi ruɓar da haƙori a kan wanda ake ci tare da abinci.

Amma abin da muke son a riƙe shi ne wannan: mai hidima ba ƙarancin himma ke kayar da shi ba, rashin lokacin cin abinci tsayayye ne. Wanda ya fita gona da ciki wayam, komai ƙarfin niyyarsa, da hantsi zai kira mai talla. A 1999 masana a Japan suka gano wani sinadari da ciki ke fitarwa mai suna girelin, wanda ke tayar da yunwa, daga baya kuma aka ga yana hauhawa gab da lokacin da mutum ya saba cin abinci. Ashe yunwa ma ana koya mata lokaci. Mu kuwa muna da lokutan da ba ma mantawa da su. A ɗaura karin kumallo da bayan Asuba, abincin rana da bayan Azahar, na dare da bayan Magariba. Kwanakin farko ciki zai yi ƙugi a lokacin da ya saba, sannan ya haƙura.

Sai dai abincin ya zama mai riƙe ciki. Ɗumamen tuwo da miya, ko kunu da ƙosai, ko shinkafa da wake, sun fi burodi da shayi kai mutum Azahar. Wanda gonarsa ke da nisa ya tafi da furarsa da nono tun daga gida, ya zauna a inuwa ya sha ta a matsayin abincin rana, ba kurɓa-kurɓa ba. Ruwa kam ba a ƙayyade shi, balle a Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40.

Abu mafi wuya shi ne tayi. A kasuwa aboki zai miƙo gyaɗa ko dabino, ƙin karɓa kuwa a al'adarmu kamar raini ne. Karɓi ka gode, ka sa a aljihu, ka haɗa da abincin rana.

Kada wani ya tashi daga nan ya ce an haramta ciye-ciye. Halal ne, tsari muke magana, mai dacewa da hadisin da Tirmizi ya ruwaito na raba ciki kashi uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi. Kuma tsarin bai shafi kowa ba. Mai ciwon sukari da ke allurar insulin yana iya faɗuwa a gona idan sukarinsa ya sauka, sai ya bi umarnin likitansa, ya kuma riƙa tafiya da ɗan zaƙi. Mai juna biyu da mai shayarwa su ci duk sa'ad da suka ji yunwa. Yara ƙanana kuwa, a ƙasar da tamowa ke kwantar da su, cikinsu ba ya ɗaukar abinci da yawa a zama ɗaya: ɗan shekara ɗaya zuwa biyu yana bukatar ci sau 3 ko 4 a yini, da ɗan ƙari sau 1 ko 2 a tsakani. Maigida ya hana kansa biskit, kuɗin ya sayo wa yaron ƙwai.